Kayen Ma'aji

Ni ne ma'aji. Ban iya rawa ba,
muryata ko akuya ba ta waiwayo mata,
shi ya sa suka ba ni kaye da gwangwanin madara,
suka ce, Mutari, kai riƙe mana ƙirga.

Shekara goma sha ɗaya muna wasa a filin lakwal,
zanen gado ne labulenmu,
iska in ta taso ita ke buɗe shi tun ba mu shirya ba.
Ran da ta tona Tsahara tana liƙa gemun auduga,
ran nan muka ce sai mun yi ɗaki.

Shafin farko: Mirya, Lahadi, bayan kasuwa ta watse.
Barira mai tukwane, dala ɗari biyu,
da randa mai karkataccen baki da ta ƙi sayuwa,
ta ce a girke ta a ƙofa, mai kallo ma yana jin ƙishi.
Illo mai amalanke ba shi da ko dala.
Na rubuta: yashi, sawu tara.
Na ƙara a ƙasa: da jakinsa.

Lawali ya aiko da jika ashirin daga Tamanrasat,
sha bakwai suka iso a hannun direba.
Ashirin na rubuta.
Abin da ya bar hannunsa ke nan.

Sai ga farar mota daga Damagaram,
mutanen furoje da takarda mai hatimi biyu:
miliyan uku, amma kowane wasa
a kan wankin hannu da gidan sauro.
Muka kwana ƙarƙashin tsamiya muna sa-in-sa.
Tsahara ta ce, wanda ya saya maka ganga
shi ke gaya maka ranar da za ka kaɗa.
Da safe muka ce musu biyu a shekara, sauran namu.
Suka ce za su kai maganar Yamai.
Na bar musu shafi guda fari fat,
yana nan har yau.

A bazara ruwan kwaɓa ya fi siminti cin kuɗi.
Da damina ta yi tsakiya, ruwan da ba mu saya ba
ya zo da dare ya kwantar da bangon gabas.
Jika tamanin suka koma taɓo.
Na riƙe alƙalami har hantsi,
ban san layin da ake rubuta wannan ba.

Kyari magini ya zo da cokalinsa tun da asuba,
ya ce kada a ba shi ko sisi,
amma ran buɗewa a bar shi ya mutu a kan dandali,
mutuwa mai tsawo, wadda ake magana a cikinta.

Jiya muka buɗe.
Kwano shida kawai, bisa kan 'yan wasa,
masu kallo kuwa taurari ne rufinsu.
Shiga dala ashirin.
Yara sun hau katanga sun jeru kamar balbelu,
na kau da kai.

An ce Kyari ya faɗi, ya tashi ya ƙara wasiyya,
ya raba gonar da ba shi da ita,
ya yafe bashin da ake bin sa,
sannan ya sake faɗuwa.
An ce Barira ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.
Ni ban gani ba, ina bakin ƙofa da gwangwani,
sai dai na ji bangon gabas
yana maido mini da tafi.

Jika goma sha huɗu na ƙirga,
da maɓallin riga da wani ya jefa a cikin duhu.
Shi ma na rubuta shi.
Saura kwano arba'in da biyu.